Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina: Malamin Makarantar Da Aka Danƙa Wa Amanar Ilmin Arewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan fili mun saba kawo tarihin malamai da waliyyai da mujaddadai. Yau kuwa, cikin yardar Allah, za mu kawo tarihin wani ma'aikacin hukuma, watau marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe Ministan Ilmi na Jihar Arewa a zamanin Sardauna. Duk wanda ya san Dutsin-Ma ya san Kwalejin Horon Malamai da ke ɗauke da sunansa. Kwanakin baya wasu ɗalibai daga wannan kwaleji suka zo makarantarmu gwajin koyarwa. Muna zaune a inuwa bayan sallar azahar, sai na tambaye su ko wane ne mutumin nan da sunansa zai zauna a kan takardar shaidarsu har ƙarshen rayuwarsu. Ɗaya ya ce yana jin tsohon gwamna ne, wani ya ce attajiri ne, sauran suka yi shiru. Ban ga laifinsu ba, domin mu ne ba mu gaya musu ba. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa filin addini da tarihin minista? To, Musulunci bai ware aikin hukuma daga cikin abubuwan da za a yi wa bawa hisabi a kansu ba. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 55, mun ga Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya kuma kafa hujja da abu biyu, tsare amana da sanin aiki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a cikin Kitabul Farƙi, da ya zo lissafa mataimakan da mulki ba ya tsayuwa sai da su, da waziri amintacce ya fara, wanda aikinsa shi ne farkar da shugaba in ya yi barci, da tunatar da shi in ya manta. Saboda haka idan muka duba rayuwar wanda aka kira Waziri, aka kuma danƙa masa tarbiyyar 'ya'yan Musulmi na ƙasa guda, ba mu fita daga fagen addini ba.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Isa Kaita a Katsina cikin shekarar 1912, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906. Mahaifinsa shi ne Waziri Haruna, ɗaya daga cikin manyan fadawan Dikko. Kaita kuwa gari ne a arewacin birnin Katsina, kuma a makarantun boko na wancan lokaci an saba liƙa wa yaro sunan garin da ake danganta shi da shi. Ya taso a birnin da ilmi ba baƙo ba ne a cikinsa, birnin Gobarau da Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, inda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashe masu nisa ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san hanyar ƙasar Hausa.

Amma a lokacin ƙuruciyarsa wani sabon ilmi ya shigo, wanda jama'a suke yi wa kallon tsoro. Iyaye da yawa suna ganin duk yaron da aka kai makarantar Nasara to an raba shi da alƙibla ke nan. Tsoron nan kuwa yana da tushe, domin a Kudu mishan ne suka kawo boko, suka haɗa shi da wa'azinsu. Sarki Dikko na cikin sarakunan da suka hango cewa mulki ya riga ya juya, wanda duk bai iya karatun masu mulki ba, sai dai a yanke hukunci a kansa ba da saninsa ba. Don haka ya karɓi makarantu a ƙasarsa, manyan fadawansa suka ba da 'ya'yansu. Isa na cikin waɗannan yara.

Bayan karatun farko, ya shiga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗewa a 1922 don horon malaman makaranta Musulmi. Ita ce daga baya aka mayar Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, har ta zama Kwalejin Barewa. Da Turanci ake koyarwa, amma akwai darasin Arabiyya da addini, kuma Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki, na cikin malamanta. A nan Isa Kaita ya zauna tare da samarin da daga baya suka riƙe Arewa: Ahmadu Raɓah, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya gama a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, shi kuwa Isa ya gama a 1932, shekara ɗaya da Abubakar Imam. A filin wasan fayif na wannan kwaleji aka ƙulla zumuncin da ya zama ginshiƙin gwamnatin Arewa bayan shekara ashirin.

Daga allon makaranta zuwa gidan rediyo

Yana da shekara ashirin ya fara koyarwa a Midil ta Katsina, inda ya yi shekara tara yana riƙe da alli. Wannan wuri ne da ya kamata a tsaya a kansa, domin mutumin da zai zo ya shugabanci ma'aikatar ilmi ya fara sanin ilmi ne daga cikin aji. Ya san yadda ake fama da uba kafin ya bar ɗansa ya dawo makaranta bayan hutu, ya san yadda yaro ke gudu lokacin damina don a yi noma da shi, ya kuma san abin da albashin malami ke iya saye a kasuwa. Irin wannan sani ba a samunsa a cikin fayil.

A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, aka tura shi Ankara, babban birnin Gana ta yanzu, tare da Malam Bello Dandago na Kano, don su riƙa karanta labarai da Hausa a gidan rediyon da ake kira ZOY. A lokacin dubban 'ya'yan Arewa suna cikin soja, an kai wasu yaƙin Habasha, daga baya aka kai da yawa Bama. Ga kuma Hausawan zango a Kumasi da Ankara, da 'yan'uwanmu na ƙasashen da Faransa ke mulka, duk suna bukatar jin inda duniya ta kwana. Ku tuna, sashen Hausa na BBC bai fara aiki ba sai a 1957. Watau Isa Kaita da abokin aikinsa suna cikin mutanen farko da aka ji muryarsu da Hausa a akwatin rediyo.

Aikin nan ya fi yadda ake zato wuya. Dole mai fassara ya nemo wa jirgin ruwa mai nutso da tankar yaƙi da sunayen ƙasashen Turai kalmomin da manomi zai gane, ba tare da ya ƙara ko ya rage ba. Mu da muke koyar da Larabci mun san nauyin tarjama, domin mai fassara amintacce ne tsakanin mutum biyu da ba sa jin maganar juna. Idan aka duba da kyau, irin aikin da Isa Kaita ya yi ke nan duk tsawon rayuwarsa: tsayuwa tsakanin Bature da Sarki, tsakanin Sarki da talakawa, tsakanin boko da allo.

Ya dawo gida a 1944, shekarar da Sarki Dikko ya rasu, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Sai ya zama sakataren Sarki, yana kula da takardun En'e ta Katsina. Yaran yanzu ba su san ƙarfin En'e ba. Ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke da baitulmali da 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai, ita ke gina makarantun elementare da ɗakunan shan magani. Duk umarnin da zai tafi wurin hakimai, ko 'Yanɗaka a Dutsin-Ma ko Maradi a Kurfi, ta ofishin Sarki yake fita, duk kukan da zai zo daga ƙauye ta nan yake shiga. A 1948 aka tura shi Ingila, ya yi kwas na sha'anin mulki a Exeter. A cikin masarauta kuma aka ba shi sarautar Madawaki, daga baya ya hau kujerar da mahaifinsa ya zauna, ta Wazirin Katsina.

Minista a Kaduna

Da aka shigo da sabon tsarin mulki a 1951, aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna. Yana cikin waɗanda aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, da su, ya kuma riƙe mata sakataren kuɗi. A 1954, shekarar da Sardauna ya zama Firimiya, aka naɗa shi Ministan Ayyuka. Daga nan ya koma ma'aikatar albarkatun ƙasa, sa'an nan a 1957 aka ba shi Ma'aikatar Ilmi, wadda ya riƙe har ranar da soja suka kifar da gwamnati a 1966. Kusan shekara tara ke nan a kujera ɗaya.

Sai mun san halin da ya tarar za mu gane girman kayan da aka aza masa. Jihar Yamma ta fara ba da ilmin firamare kyauta a 1955, Jihar Gabas ta bi sahu a 1957. Arewa kuwa, wadda ta fi su faɗin ƙasa da yawan jama'a, ba ta da malaman da za su tsaya a gaban aji ko da an gina azuzuwan. Ga mulkin kai yana ƙwanƙwasa ƙofa, domin Arewa ta sami nata a ranar 15 ga Maris 1959, Nijeriya kuma ta sami 'yanci a ranar 1 ga Oktoba 1960. Turawa za su tafi, ofisoshi za su zama babu kowa, kuma idan ba a sami 'yan Arewa masu takarda ba, sai a cike su da wasu. Wannan shi ne tushen manufar nan ta mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa, wadda Sardauna ya riƙe da hannu biyu. Ma'aikatar Ilmi ita ce maƙerar da ake jira ta ƙero mutanen.

Hanyar da gwamnatin ta bi ita ce a fara da malami kafin a tara yara. Aka yawaita kwalejojin horon malamai da makarantun sakandare na larduna, aka buɗe makarantun koyon sana'a, aka riƙa ba ɗalibai sukolashif zuwa Ingila da wasu ƙasashe. Inda babu ɗan gida, aka ɗauko malamai da likitoci da injiniyoyi na wucin gadi daga waje, har da Pakistan da Indiya da Masar. Dattawa da yawa a ƙasar Katsina har yanzu suna tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Pakistan da suka koyar da su. Shugabannin Arewa sun mai da hankali ga Pakistan da Sudan, domin su ma ƙasashen Musulmi ne da suka gaji tsarin aikin gwamnati daga Ingilishi. Ko kwamitin masana shari'a da aka kira a 1958 don gyaran dokokin Arewa, Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabance shi, kuma akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan a ciki.

A zamanin ministancinsa ne kwamitin Ashby, wanda Shettima Kashim Ibrahim yake ciki, ya miƙa rahotonsa a 1960 a kan ilmi mai zurfi a Nijeriya. Bayan shekara biyu, a ranar 4 ga Oktoba 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, jami'a ta farko a Arewa. A Kano kuma aka kafa kwalejin da ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda aka gina ta a kan karatun Arabiyya da addinin Musulunci, ita ce yau Jami'ar Bayero. Ba za a ce mutum ɗaya ya yi waɗannan ayyuka ba. Akwai Firimiya, akwai majalisa, akwai manyan sakatarori da sufetocin makarantu da ba a ko tuna sunayensu. Amma shi ne mai kare kasafin kuɗin a gaban majalisa, shi ne kuma wanda za a tuhuma in abin ya lalace.

Tsakanin boko da allo

Abin da ya fi shafar wannan fili namu shi ne matsayin karatun addini. Turawa sun bar makarantun allo da na ilmi a gefe, ba taimako, ba takardar shaida. Sai ka ga malami ya haddace Alƙur'ani, ya karanta Risala da Askari da Muhtasar, ya ƙware a nahawu, amma a idon hukuma jahili ne, ba shi da gurbi a aikin gwamnati, alhali yaron da ya gama aji bakwai yana karɓar albashi. Ƙofa ɗaya da ke buɗe ita ce Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934 aka kawo mata malamai daga Sudan, daga baya a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Arabiyya. Ta wannan ƙofa Malam Abubakar Gumi ya bi, har ya je Bakhtur Ruda a Sudan, ya dawo ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962.

Gwamnatin Sardauna ta yi ƙoƙarin faɗaɗa wannan ƙofa. A farkon shekarun 1960 ta kafa kwamitin ministoci don duba matsalar makarantun allo, aka je Masar da Libiya da Sudan aka ga yadda suka tsara nasu. Shawarar da aka dawo da ita ita ce a karkasa yara aji aji bisa ga shekaru, a ƙara musu lissafi da karatu da rubutu, a taimaka da gini, a naɗa masu duba makarantun. Aka kuma buɗe hanyar horon malaman Arabiyya, wanda ya sa ɗan makarantar ilmi zai iya samun takardar da hukuma ta yarda da ita. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, Waziri Isa Kaita na cikin 'ya'yanta, ita ma ta sa hannu wajen buɗe makarantun Islamiyya. Ni da nake wannan rubutu, da duk wani malamin Arabiyya da ke karɓar albashi a makarantar gwamnati yau, a inuwar wannan shuka muke zaune.

Amma gaskiya ɗaya ce, aikin bai kammala ba. Makarantun da aka gyara kaɗan ne idan aka gwada da waɗanda ke zaure zaure da tsangaya tsangaya. Ilmin 'ya'ya mata ya tafi da jan ƙafa, duk da cewa Shehu a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta nuna hanya. Har aka yi juyin mulki Arewa ba ta kamo Kudu ba. Masu adawa kuma, musamman Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, sun zargi gwamnatin NPC da fifita 'ya'yan sarauta, da kuma barin En'e tana gallaza wa talakawan da suka saɓa mata. Dattawa da yawa sun ga ɗauri da bulala saboda siyasa a wancan zamani, kuma Waziri jigo ne a cikin wannan gwamnati, ba za a raba shi da alherinta ko da laifinta ba. Tarihin Musulmi ba kirari ba ne. Malaman hadisi sun koya mana a faɗi abin yabo a faɗi abin gyara, a bar hukunci ga Allah.

Bayan juyin mulki

A daren 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshin soja suka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, aka kuma kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Cikin dare ɗaya Waziri ya rasa abokan da suka taso tare tun Kwalejin Katsina, ya kuma rasa kujerarsa, yana da shekara hamsin da huɗu. Ya ci gaba da zama a Kaduna, inda har yau akwai titi mai sunansa. Ya shiga hukumar daraktocin wasu kamfanoni, kamar UAC, ya kuma zama uba ga masu wasan fayif da folo. Ƙasar Katsina ta shiga Jihar Tsakiyar Arewa a 1967, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976. Yana cikin dattawan da suka yi ta neman a ba Katsina jiharta, Allah kuwa Ya nuna masa, aka ƙirƙiro ta ranar 23 ga Satumba 1987.

Irin da aka shuka a makarantun Arewa kuwa ya yi yabanya. 'Ya'yan ƙauyuka suka zama manyan sakatarori da alƙalai da likitoci. Ko a nan kusa da mu, marigayi Maradin Katsina, Alhaji Ahmadu Kurfi, ya yi aikin gwamnati har ya zama sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa, FEDECO, a zaɓen 1979 da ya dawo da mulkin farar hula.

Amana ta ƙarshe

Wannan mulki na farar hula shi ya ɗora wa Waziri kaya na ƙarshe. Tsarin mulkin 1979 ya tanadi Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, a 1980 kuma Shugaba Shehu Shagari ya naɗa Isa Kaita ya shugabance ta, yana da shekara sittin da takwas. Ƙa'idar ita ce duk mai riƙe da babban muƙami ya bayyana dukiyarsa lokacin da ya kama aiki da lokacin da ya sauka, kada ya karɓi kyauta saboda aikinsa, kada ya ajiye kuɗi a bankin waje.

Mai karatu zai ga cewa babu baƙon abu a nan ga Musulmi. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce kyauta ce aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa kome, watau kujerar aka ba, ba shi ba. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi kuwa ya kasance yana rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da ya naɗa shi, in ya ga dukiyar ta ƙaru fiye da ƙima sai ya raba ta, ya mai da kaso baitulmali. Shehu ma a Kitabul Farƙi ya ambaci gaisuwa da sunanta na Hausa cikin miyagun al'adun da ya yi jihadi a kansu. Ashe takardar bayyana dukiya, wadda wasu ke gani kamar ƙirƙirar Bature, sunna ce ta Umar.

To, me ya faru? Majalisar Tarayya ta Jamhuriya ta Biyu har ta tashi ba ta zartar da dokar da za ta ba hukumar ƙarfin aiki ba. Aka bar dattijo da ofis da suna, ba a ba shi sanda ba. Waɗanda ya kamata a bincika su ne za su yi dokar, kura kuwa ba ta saƙa wa kanta takunkumi. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka sake karɓe mulki, kuma cin hanci na cikin manyan dalilan da suka bayar. Sai a 1989, zamanin Janar Babangida, hukumar ta sami dokarta. Naɗa mutumin kirki a kan kujera ba ya wadatarwa idan jama'ar da ke kewaye da shi ba sa son a yi gyara.

Allah Ya yi wa Alhaji Isa Kaita rasuwa a Kaduna cikin watan Nuwamba 1994, yana da shekara tamanin da biyu.

Abin da ya rage mana

Abu biyu aka ba shi ya fara, ya tafi bai ga ƙarshensu ba, kuma dukansu suna nan a gabanmu. Na farko shi ne haɗa allo da boko. An yi shirin ilmin firamare ga kowa a 1976, an gina makarantun almajirai na zamani daga 2012, an kafa hukumar kula da ilmin almajirai a 2023, amma duk wanda ya tsaya a tashar mota a Dutsin-Ma ko kasuwar Kurfi zai ga yara da ƙoƙon bara, waɗanda ba su sami boko ba, allon ma bai zauna ba. Na biyu shi ne tsare dukiyar jama'a. A nan kada mu tsaya kallon Abuja. Malamin da ke sa hannu a rajista ya tafi kasuwa, da akawun da ke ɓoye fayil sai an ba shi na goro, da hedimastan da ke cin kuɗin gyaran aji, duk aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da mai da amana ga masu ita, ta hau kansu kamar yadda ta hau kan minista.

Ku kuwa 'ya'yana ɗaliban kwalejin Dutsin-Ma, ga amsar tambayar da na yi muku. Mutumin da sunansa ke kan takardarku malamin aji ne kamarku, ya sha ƙurar alli shekara tara kafin ya ga kujerar mulki. Idan aka tura ɗayanku wani ƙauye da ba lantarki ba ruwan famfo, ya tarar da yara sittin a ƙasa ba benci, to ya sani aikin da Waziri ya bari ne aka miƙo masa, kuma za a tambaye shi a kansa ranar da dukiya da 'ya'ya ba su da amfani.

Allah Ya jiƙan Wazirin Katsina Alhaji Isa Kaita, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan abin da ya yi daidai, tare da sauran magabatanmu. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.